Tambayar Inna a Kan Zanen Kifin Teku

Tawa, watan Nuwamba, 1965

Zuwa ga yayana Yunusu, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan za ta iske ka lafiya lau, kai da mutanen masaukinka da abokan aikinka. Allah ya tsare ka daga zazzaɓin Kurmi, ya kiyaye ka ranar da kake kan ruwa da ranar da kake kan tudu, ya sa albarka a cikin abin da kake biɗa, amin. Mu nan duk lafiya muke, sai godiya.

An gama girbi a Affala. Gonar tudu ta yi kyau ƙwarai, har babban rumbun Baba da ya daɗe bai cika ba bana ya cika har baki. Ta gangare kuwa tsuntsaye ne suka riga mu, wake ma bai yi abin kirki ba. Inna tana nan Tawa tun bayan girbi, ta sauka gidan Kawu Manzo don a duba mata ido a likita. Ana ɗiga mata magani safe da yamma. Na dama ya washe, na hagu kuwa ta ce har yanzu kamar ta cikin hayaƙin murhu take kallon mutane. Maigidana, Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko, yana nan da koyarwa a lakwal ɗinsa, yara sun yi masa yawa bana har wasu a ƙasa suke zama. Ya samo mini wasu ƙananan littattafan labari wurin wani mai zuwa Sakkwato. Ɗaya daga ciki na buɗe shi ina tuƙa tuwo, ban farga ba sai da ƙauri ya kai zaure.

Yaya, ba labarin hatsi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Gara in faɗa maka kai tsaye. Inna ta sa Kawu Manzo ya shirya ya zo Abijan ya taho da kai gida kafin azumi. Ta ba shi saƙon da zai faɗa maka idan ka ƙi, ka kuma san irin saƙon da uwa ke aikawa idan abu ya kai nan, ba na son in rubuta shi da hannuna. Dalili kuwa, ta yarda har cikin zuciyarta cewa abin da kake yi a bakin teku ba aikin bincike ba ne, bokanci ne. Jiya mun yi wani zama da ya sauya maganar, amma bai kashe ta ba. Saura yanzu yana hannunka, shi ya sa zan ba ka labarin tun daga farko.

Mafarin abin Talle ne, ɗan gidan Isufu na bakin rijiya, wanda ya dawo daga ci-rani da faɗuwar damina. Bai yi maka ƙarya ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Ya ce ya gan ka da sassafe a inda masunta ke sauke kaya, cikin farar riga, kana zaɓen kifi ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen ragon layya. Ya bi ka don ku gaisa, sai ya iske ka farke cikin kifin, ka fidda tumbinsa ka baje a faranti, ka sunkuya kana dubawa da wani madubi kana rubutu, naman kuwa ko kallonsa ba ka yi ba. Ya ce ga kwalabe jere a bayanka, kowace da kayan ciki a cikin wani ruwa mai hawa ido. Da ya tambaye ka me kake nema, wai ka yi dariya ka ce kana tambayar kifin abin da ya ci jiya don ka san abin da zai faru baɗi. Haba Yaya, kai da ka san Affala, me ya kai ka yi wa Talle irin wannan wasa? Kafin a yi maimain noma maganar ta zaga gari, ta je Takanamat ta dawo da ƙari: wai kifin yana amsa maka, wai da mutanen ruwa kake hulɗa. Inna ta ji a wurin wani suna. Ta haɗiye abinta damina guda.

Sai da ta zo Tawa ta shiga ɗakina ta ga zanen nan naka. Ka tuna na roƙe ka ka nuna mini aikinka tunda ba lalle in ga teku da idona ba, ka aiko mini da tsohuwar takardar da kuke aiki a kanta, mai da'irori da kibiyoyi, ka rubuta mini sunayen halittun da Hausa a ƙarƙashin na Faransanci. Na liƙa ta kusa da jeren kwanonina, inda nake ganinta daga kan gado. Inna ta matsa kusa, ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Ta tambaya hannun wane ne, na ce naka. Ta ce ta taɓa ganin irin wannan sau ɗaya, lokacin ciwon Baba, wurin wani boka da aka kai ta: a zagaye suna, a ja layi a ɗaure shi da wani suna. Ba ta kama sunanka ba, ka san ba ta taɓa kamawa ba tunda kai ne na fari. Cewa ta yi, ashe abin da ake faɗa a kan mutumin Kurmi gaskiya ne. Ta fita ko furar da na dama mata ba ta sha ba.

Kwanakin da suka biyo baya na rasa abin da ke yi mini daɗi. Ni ban taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin bayan gari ba, duk tekun da na sani a cikin takardunka yake. Itatuwan nan da ka ce suna tsaye kan saiwoyinsu a cikin ruwan gishiri, ni a raina kamar mata ne da suka ɗage zane za su tsallake korama. Wani lokaci ina tankaɗe sai in ɗaga kai in bi ganye ɗaya da ido a kan zanen: ya faɗo, ya ruɓe a laka, ƙaguwa ta ci, zalɓe ya ɗauke ƙaguwar ya tashi da ita. A littattafan da nake karantawa teku wurin ɓatan jirage ne, inda igiyar ruwa ke jefa saurayi a wani tsibiri. Naka tekun kuwa kasuwar Tawa ce ranar Lahadi, kowa ya fito neman abin kai wa baki, sai dai a can mai saye shi ma abin sayarwa ne. Na san idan Kawu ya isar da saƙon nan ba za ka yi musu ba, za ka naɗe tabarmarka ka biyo shi. Na kuma san yadda fuskarka za ta kasance a bayan hauya, kai da tun kana lakwal kake dawowa da ƙwari cike da aljihu.

Na je wurin Kawu na same shi yana ɗinke tsohuwar jakarsa yana tsaki. Ya ce, ke Habi, shi da ko Kwanni ya je sai ya yini yana amai don warin mota, ina shi ina Abijan, ƙasar da aka ce ruwan sama ba ya gajiya. Amma yayarsa ce ta yi magana, shi kuma bai girma da zai ce mata a'a ba, ko da furfura ta kai masa gira. Ya ce in ina da wata dabara daga cikin littattafan nan da ke ƙona mini tuwo, in fito da ita da wuri, don motocin 'yan ci-rani sun fara tashi.

Jiya Alhamis, ba lakwal, na kira Inna da Kawu cin abinci. Mushe da ya ji sallamar surukarsa ya ja tabarmarsa ya koma zaure, inda zai ji komai ba tare da sun haɗa ido ba. Kawu ya yanka mana kaza. Da na fige na gyara, sai na miƙa wa Inna ƙundun na ce ta taimaka ta fasa mini, ni kullum sai na ɓata shi. Ta karɓa tana cewa an yi wa mutum aure bai iya fasa ƙundu ba, karatu dai karatu. Ta tsaga, ta murza abin da ke ciki da yatsu, ba tare da ta yi tunani ba ta ce wannan kaza ba a gida take ci ba, bakin kasuwa take yini, ga jar dawa ga fiffiken fara. Na tuna mata da zakaranmu na Affala, yadda ta iske dawa a ƙundunsa alhali mu hatsin gero kaɗai muka shuka, ta ɗora mini ƙwarya ta aike ni in ba maƙwabciyarmu Balkisu haƙuri. Na ce, Inna, aikin Yaya ke nan, ba wani abu ba. Ta ce kifi ba kaza ba ne. Sai na jawo tarwaɗar da na samo daga tabki na ɓoye a ƙarƙashin faifai. Ta toshe hanci da gefen zane, ka san ta da ƙarni. Na farke cikin, ban san abin da zan iske ba. Allah ya taimake ni, ga wani ɗan kwaɗo nan ɗungurungum bai narke ba, da wasu baƙaƙen ƙwari. Ta tona da tsinke ta ce, to, kwaɗo ya ci, Allah ya ƙara masa, shi ya sa ba ta saka shi a bakinta. Kawu ya yi dariya har ya ƙware. Ta yarda cewa duba cikin dabba ba laifi ba ne, mahauta ma suna yi. Amma ta ce wannan bai gaya mata abin da da'irori da kibiyoyi ke yi a bangon ɗakina ba.

Dama na share ƙasa a gindin bedi, itacen tsakar gidanmu, tun da safe. Na kakkafa guntayen kara yadda da'irorin suke a zanenka, na ɗora wa kowane alama. A ƙasa na zuba ɗan gari, a madadin ƙananan halittun nan da ka ce ido ba ya gani sai da madubi, da busasshen ganye a madadin ruɓaɓɓen ganyen laka. A samansu ɓawon gyaɗa shi ne jatan lande, guntun kasko ƙaguwa, farar tsakuwa ƙananan kifin da ka sa wa suna farare. Ƙwallon goruba shi ne gajeren kifin nan na tsakiya, taɓarya kwance ita ce babban kifi mai haƙora, gashin kazar da muka fige zalɓe. Can sama na kife ludayi na ce masunci ne. Sannan na ɗauko zaren da Inna ta kaɗa mini da hannunta, na yi ta ɗaurawa daga kara zuwa kara, tana cewa in dai ɓarnar zare ce na iya. Na ce kowane zare yana nufin wannan yana cin wancan, kuma ba a ɗaura shi sai an gani a cikin tumbi, ba sau ɗaya ba, sau da yawa. Ta tambaya ina kibiya take nunawa, na ce daga wanda aka ci zuwa ga wanda ya ci, don hanyar da abinci ke bi ake zanawa. Ta ce wannan sai Nasara, a duniya kowa ya san kan kibiya wanda zai mutu yake kallo. Amma na ga ta matso da kujerarta. Da na gama, gindin bedin ya koma kamar wurin masaƙi, ni kaina na tsaya ina kallo, don a takarda ban taɓa lura zaren sun yi yawa haka ba. Har ta kai yatsa ta taɓa na farare, ta ce wannan baiwar Allah kowa ita yake ci.

Daɗi ya ɗebe ni, sai na faɗi abin da ya kusa rushe komai. Na ce amfaninsa shi ne, yanzu da manyan jirage suka zo suna kwashe kifi, idan wani iri ya ragu za ku duba zaren ku san abin da zai sami sauran tun bai faru ba. Inna ta janye hannunta. Ta ce to, ai mun iso inda take jira. Ta ce ita ba ƙarni ne ya hana ta barci ba, ba kuma kwalabe ba. Wanda ya ce ya san baɗi ya shiga abin da ba nasa ba, da ƙasa ya buga ko da zare, ga shi ma har na share ƙasar na zauna a gabanta kamar mai duba. Na dubi kaina, wallahi Yaya haka nake zaune, ƙafa a naɗe, hannu a kan rairayi. Mushe ya yi gyaran murya daga zaure, ya ce a gaya wa Inna manomi ma yakan dubi gabas ya ce za a yi ruwa. Ta ce a gaya wa mai zaure manomi hadari ya gani, ba zana shi ya yi a takarda ba. 

Sai ta ce tunda na zama bokanya bari ta gwada ni. Ta miƙa hannu ta tuge karan ƙaguwa, wai ita ce mafi muni a cikinsu, ta ce to ga ta ta ƙare a teku, in faɗa mata abin da zai sami ɓawon gyaɗa. Na bi zaren da ido. Ƙaguwa da jatan lande ganyen laka ɗaya suke ci, don haka na ce jatan lande zai yi yawa, tunda abokin rabonsa ya tafi. Mushe ya kasa haƙuri, ya ce daga can ba haka ba ne, in duba da kyau, mai haƙora yana cin su duka biyu, idan ya rasa ƙaguwa kan jatan lande zai koma, sai ya ragu. Na duba, zarensa yana nan, nawa ma yana nan. Na ce abinci ya fi ƙarfi, ya ce maƙiyi ya fi ƙarfi. Na ce shi da ko zanen ba ya gani daga inda yake, ya ce ai kullum da shi yake buɗe ido tunda na hana bangon hutawa. Kawu duk wanda ya yi magana sai ya ce gaskiyarka, har Inna ta ce masa Manzo, ka zaɓi gida ɗaya ka kwana. Muka yi ta ja har miya ta kusa ƙonewa, ba wanda ya ci. Na tuna ka taɓa rubuto mini cewa sanin wa ke cin wa bai isa ba, sai an san yawan abin da yake ci, da wane lokaci na shekara, kuma mafi yawansa ba ku sani ba tukuna. Na faɗi haka murya ƙasa ƙasa, ina jin na kunyata ka. Sai na ji Inna tana dariya, karon farko tun zuwanta. Ta ce wannan wane irin duba ne da mata da miji za su duba su tashi da amsa biyu.

Ta ce in ciro mata takardar kanta. Na kawo, ta shimfiɗa a cinya. Da yake idon ba ya isa, da yatsu ta bi ta, yadda take bin zare ta ji inda ya yi kauri. Ta tsaya a tsakanin mai haƙora da farare, ta ce nan takardar ta yi kaushi, ta kusa hujewa, me ya same ta. Na san amsar, don ka ba ni labarin da rani, sai dai ban so in faɗa ba. Amma ta tambaya, na faɗa. Na ce da can zanen ya nuna mai haƙora shi ne babban maƙiyin farare. Da jirage suka kwashe mai haƙora, kuka ce farare za su yi yawa a shekara mai zuwa. Maganar ta kai kunnen masunta, wasu suka zauna suka saƙa sabon taru mai ƙananan ido suna jira. Shekara ta zo, farare suka ragu. Da kuka koma kan tumbi, sai kuka iske ashe gajeren nan na tsakiya shi ke cinye 'ya'yan farare, mai haƙora kuwa shi ke rage gajeren. An ɗauke mai tsawata masa, ya cika ruwa. Kuka goge kibiyoyin kuka sake ja. Na ce wurin gogewar ne take ji.

Ta sake shafa wurin da yatsa. Sannan ta ce ita ta zauna gaban boka a kan ciwon Baba. Ya ce mata zai tashi kafin wata ya mutu. Da bai tashi ba ta koma, ya ce kazar da aka kawo ba fara sol ba ce. Ta ce tun tana yarinya take jin labarin masu duba, ba ta taɓa jin wanda ya ce shi ne ya yi kuskure ba, kullum mai zuwa ne bai cika sharaɗi ba. Ba ta kuma taɓa jin wanda ya goge abin da ya zana da hannunsa ba. Ta ce mutumin da ya kankare takardarsa har ta kusa hujewa bai ɗauki kansa masanin gobe ba, lalube yake yi kamar kowa. Kawu ya fara hamdala, ni hawaye sun riga sun zo. Sai ta ɗaga hannu ta ce saura abu ɗaya.

Ga tambayarta, Yaya, na rubuta maka ita yadda ta faɗa. Ta ce mutanen nan da suka saƙa taru, a kan maganarku suka saƙa, suna da mata da 'ya'ya masu jiran abin da taru zai kawo. Ranar da kuka gane zanen ya yi ƙarya, wa ya je ya gaya musu? Idan mutumin Kurmi ya taka da ƙafarsa, ya tsaya gabansu ya ce mun faɗa ba daidai ba, ga inda muka ɓata, to Manzo ya kwance jakarsa, kai kuma ka zauna kan aikinka da albarkarta. Idan kuwa a cikin ɗaki kuka goge abinku kuka yi shiru, kuka bar su suka gano a tsakiyar ruwa, to ita ba ta ga abin da ya raba ka da mai farar kaza ba, ka dawo gida ka yi noma, inda kuskurenka cikinka zai ci ba na wani ba. Na ce mata kai ƙarami ne a wurin, akwai Baturen da ke bisa kanku, mai yiwuwa ba a ba ka izinin magana ba. Ta ce ita ba ta haifi Bature ba.

Bakina a buɗe yake zan ce ai ka je. A littattafaina saurayi kullum yakan je, ya tsaya gaban jama'a ya faɗi gaskiya, su kuma su yafe masa. Har na gan ka a raina, cikin farar rigar, iska na kaɗa ta, masunta sun ajiye taru suna saurare. Da na faɗa da ta yarda, don ba ta taɓa kama ni da ƙarya a kanka ba. Amma na bi takardarka ta rani a zuciyata layi layi, ka ba ni labarin gajere, ka ba ni labarin gogewa, har da yadda Baturen ya jefar da hularsa don haushi. Masuntan kuwa ka bar su suna saƙa, ba ka sake komawa kansu ba. Don haka na ce mata ban sani ba, zan tambaya. Ta ce madalla, ta tashi ta wanke hannu, ta ci kazar sosai, tarwaɗar kuwa ta ce a kai wa mai zaure tunda shi ne gwanin masu haƙora.

Yau da safe na fita kwance zaren, na tsaya a kansa na kasa. Ludayin da na ce masunci ne yana can sama, zare da yawa suna hawa zuwa gare shi. Duk zaman da na yi ina kallon zanenka ganye nake bi da zalɓe, don su ne masu kyau, ban taɓa tsayawa a kan wannan da'irar ba. Ita kaɗai ce a cikinsu ke jin maganar mutum, ita kaɗai za ta sauya abin da take yi saboda abin da kuka ce. Ban san yadda ake zana wannan da kibiya ba, kai ne masani. Na dai ga Inna, da idonta ɗaya da rabi, can ta dosa.

Ka gaida mai masaukinka Malam Almustafa da iyalinsa, Allah ya saka musu da alheri kan riƙon da suke yi maka. Ka gaida 'yan Affala da ke nan duka, babba da yaro. Kawu Manzo yana gaishe ka, ya ce ka ji tausayin cikinsa. Matarsa Azumi tana gaishe ka, da Gwaggo Lalla daga Tebaram, da Balkisu. Mushe yana gaishe ka da kyau, ya ce idan ka sami wuri a ƙarshen takarda ka raba mana gardamar ƙaguwa.

Inna ta ce za a jira amsarka har ganin watan azumi, ba za a wuce nan ba. Kada ka gyara ta don ni, ni zan karanta mata, kuma abin da ka rubuta zan karanta. Idan ka je, ka faɗa a taƙaice, ya isa. Idan kuwa ba ka je ba, Yaya, mutanen nan suna nan inda kake sayen kifinka kowace safiya, ka san fuskokinsu. Ka ajiye takardar nan ka je tukuna. In ka dawo ka rubuto, ka kuma gaya mata gaskiyar ranar da ka je.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka mai yi maka addu'a,
Habi